Ɗigon Ƙarfe a Idon Baban Hoto

Baban Hoto ya zazzage aljihunsa cikin farantin roba: makullai, biro, wayar hannu, har da 'yar askar yanke farce da ya manta da ita. Ya kwance agogo, ya zare bel. Malamar kwas tana tsaye bakin wata ƙofa mai jan layi a ƙasa, tana yi wa sababbin ɗalibai bayanin cewa maganadison da ke cikin ɗakin nan ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake, kuma duk ƙarfen da ya shiga sai ya fizge shi.

Shekara goma sha tara yana ɗaukar hoton ƙashi a ƙasan benen asibitin, shi ya sa sunan ya bi shi. Kujera ɗaya tak aka ba sashensu a kwas ɗin na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganadiso: wata shida a aji, sannan aiki ƙarƙashin malami, sannan takardar shaida. Ba a ɗaukar wanda ya wuce arba'in da biyar, shi kuwa bana ya cika su. Shekara uku ya yi yana karatu, matarsa tana riƙe masa littafi tana yi masa tambayoyi kan sassan ƙwaƙwalwa da ita ma ba ta iya furta su ba. Ya ci jarrabawa, ya zo na ɗaya. Dogo ya zo na biyu.

Dogo abokin aikinsa ne, kofi ɗaya suke shan shayi. Yau ma cewa ya yi rakiya ya zo, wai don ya ga yayansa ya shiga da ƙafar dama. Rakiya fa!

Malamar ta ɗauki fom ɗin da Baban Hoto ya cike tana bin tambayoyin. Na'urar bugun zuciya, babu. Ƙarfe a ƙashi, babu. Ko ka taɓa aikin walda ko goge ƙarfe? Ya rubuta a'a. Ya san ƙarya ce, amma abin shekara talatin ne, ido bai taɓa damunsa ba.

Sai Dogo ya yi 'yar dariya, irin ta mai son a ji.

"Yaya, ka manta shagon waldar babanku? Ranar da ka ce tartsatsi ya shige maka ido, aka wanke da ruwan gishiri?"

Shi da bakinsa ya ba Dogo labarin, wata rana suna shan shayi, har suka yi dariya.

Malamar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in akwai ɓurɓushin ƙarfe a ido, maganadison zai juya shi ya keta jijiyar gani, kuma ba za ta ɗauki alhakin makantar kowa ba. Ya sauka a ɗauki hoton kwarmin idonsa, in ya fito fes ya dawo. Baban Hoto ya kwashe tarkacensa daga farantin, bel a hannu, wando yana zame masa.

Wanda ke bakin aiki ya tafi da na'urar tafi-da-gidanka ɗakin tiyata, don haka Dogo ne zai ɗauka. Baban Hoto ya zauna a kujerar da ya zaunar da dubban mutane. Bai taɓa sanin sanyinta ya kai haka ba.

Dogo ma'aikaci ne na a-yi-a-gama, kowa ya san shi. Ya manna masa fuska a allo yadda ya ga dama, haɓa a ƙasa. A haka ƙashin gindin kunne zai hau kan kwarmin ido ya rufe rabinsa, duk abin da ke ciki ya ɓace a farin ƙashi. Baban Hoto ya sani sarai. In ya yi shiru kawai, hoton zai fito a dushe, malamar ta duba ba za ta ga komai ba, shi ke nan.

Amma shekara goma sha tara ba wasa ba ce. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Ɗaga haɓar mana. Haka za ka ɗauki ido? Ɗaya ina kallon sama, ɗaya ina kallon ƙasa."

Maganar na fita ya ji kamar ya kama ta ya mayar. Dogo ya ce to, Yaya, ya ɗaga masa haɓa da yatsu biyu, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Hoton ya bayyana a fuskar kwamfuta, tsaf, babu inda ya dushe. A idon hagu ga ɗigo nan fari fat, bai kai ƙwayar yashi biyu ba. A hoto na farko yana sama, a na biyu ya sauko. Tare yake tafiya da ƙwayar ido. Baban Hoto bai buƙaci likita ya karanta masa ba, shi ke koya wa mutane gane irinsa. Ya rasa ma wanda zai tsana, Dogo ko kansa.

Suka hau tare. Malamar ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce likitan ido ba zai taɓa abin da ya kwanta lafiya shekara talatin ba, ita kuma ba za ta bar shi ya tsallake jan layin nan ba, ko mai shara ne shi. Batun ƙaryar fom kuwa, za ta rufa masa asiri saboda furfurarsa. Ta ja biro ta soke sunansa, ta tambaya wa ke biye.

Sannan ta sake duban hoton, ta gyara tabarau. Ta ce ta daɗe ba ta ga hoton ido mai kyau haka ba, da shi za ta buɗe darasin farko gobe.

"Wa ya ɗauka? Wanda ya saita kan nan ya san aikinsa."

"Ni ne, Malama," in ji Dogo.

Ta tura masa farantin robar. Ya fara zazzage aljihu, sai ya waiwayo.

"Yaya, littattafan nan naka, ka taho min da su gobe. Kuma riƙe min agogon nan kafin in fito."

Baban Hoto ya miƙa hannu ya karɓa.