Tsintsiya a Hannun Malama

Malamar adabi tana laluben jan biro a ƙasan jakarta sai ta ji takardu sun cukuikuye. Ta zaro su ta duba. Shafuka shidan ƙarshe ne na littafin da take karantarwa, kwafi ɗaya tal da ajin ke da shi. Ashe ita ta cire su da hannunta za ta kai a yi fotokwafi, ta sha'afa.

To, makon jiya ta riga ta ɗora wa Rediyo laifin ɓatan shafukan a gaban kowa. Rediyo yarinya ce da bakinta ba ya hutu, kuma a hannunta aka ga littafin daga ƙarshe. Ta rantse ba ita ba ce, Malama ta yanke mata sharar aji kwana biyar. Tun ranar yarinyar ba ta ƙara cewa uffan ba, darasi ya yi lami. Wallahi Malama ta yi kewar surutun nan da take ƙorafi a kai.

Da farko ta so ta kira ta ofis su kashe maganar a asirce. Amma me shafukan suka ƙunsa? Inda jarumar littafin, wadda ta yi wa ƙawarta ƙazafi, ta koma neman gafara. Shekara tara Malama tana nanata wa ɗalibai cewa inda ka ɓata mutum nan za ka wanke shi, kuma ban haƙuri da baki kawai bai isa ba.

Ta shiga aji, ta karanta babin har ƙarshe. Sannan ta ɗaga shafukan, ta faɗi inda ta tsince su, kunya kamar ta nutse.

"Na zalunce ki, 'yata. Ki yafe mini."

Ɗalibai duk suka juya suna kallon Rediyo. Can sai ga hannun Rediyo a sama, karon farko a mako guda.

"Na yafe, Malama. Amma ai ke kika ce baki kawai bai isa ba."

Ta ɗan karkata kai wajen bayan ƙofa, inda tsintsiya take jingine.

Dariya ta ɓarke. Malama ta tattare hannun riga ta ɗauko tsintsiyar. Kwana biyar cur ta yi tana shara, Rediyo na biye da ita tana nuna mata lungun da ta tsallake, baki bai huta ba ko na minti ɗaya.