Tsohuwar Taswira a Motar Othman

Lado ya zo Jidda daga Malumfashi da bizar direban gida. A ƙasarsu ya daɗe yana jan bas tsakanin Funtuwa da Katsina, amma a nan bai san ko'ina ba. Kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin bizarsa, Othman, ɗan kasuwa ne mai gida a Abhur, can arewacin gari kusa da teku. Ranar da iƙamarsa, katin izinin zama, ta fito, Othman ya miƙa masa makullin wata babbar mota baƙa, ya nuna masa allon da ke gaban motar.

"Ka rubuta sunan wuri a nan, ka bi abin da muryar ta ce, za ta kai ka. Amma waya, kada ka kuskura ka taɓa ta kana tuƙi. Direban da ka gada, tarar kyamarar titi ce ta kore shi."

Ba a jima ba Lado ya gane taswirar da ke cikin motar ta girmi titunan. Abhur kullum cikin gini take. Inda allon ya nuna shataletale sai ya tarar da gada, inda ya nuna hanya sai ya tarar da katanga. Wani lokaci yana kan sabuwar kwalta, amma a allon motar tana yawo a fili fetal, muryar macen tana ta maimaita masa da Larabci cewa ya juya baya. Madam Rana, matar Othman, tana bayan mota tana tsaki.

Mutum ɗaya ke sauƙaƙa masa zaman gidan, wato Dela mai girki. Bahaushiyar Sudan ce, ta zo Jidda tun tana budurwa, yanzu furfura ta cika mata kai. Ita ke miƙo masa abinci ta ƙofar baya, ita ta koya masa Larabcin da zai fita kunya da shi. Yana ce mata Inna.

"Ka faɗa wa maigidan mana, ya waladi, ɗana," in ji ta wata rana da ya dawo a jigace. "In ka yi shiru, kai za a ce ba ka iya ba."

Ya faɗa. Da suka kai motar juyen mai a kamfanin da ya sayar da ita, Othman ya tambayi wani ma'aikaci nawa ake sabunta taswira. Da ya ji kuɗin sai ya yi dariya, don sun kusa albashin Lado na wata.

"Don zanen titi? Kuma baɗi in sake biya?"

Ma'aikacin ya rage murya ya ce akwai ƙaramar na'ura da ake mannawa a gilashi, kuɗinta bai kai rubu'in wannan ba, kuma sabunta ta kyauta ne. Othman ya ce zai duba, ai motar ma sayar da ita zai yi. Bai duba ba, motar kuma ba a sayar ba.

Lado ya gaji da faɗa, ya je wani shagon kayan mota ya sayi irin na'urar, ta hannu, da kuɗin aljihunsa. Ya samu sauƙi na ɗan lokaci, har ranar da Madam Rana ta lura da ita.

"Mene ne wannan? Motata ce ko tasi? Cire, halas, shi ke nan. Dubi tabon da ta bari a gilashi."

Ya cire ya sa a jaka a ɗakinsa da ke bakin ƙofar gida. Sai in shi kaɗai aka aika yake ɗaukowa.

Ranar da aka yi babban ruwa, Othman da iyalinsa sun tafi biki Riyad. Tun da safe sama ta yi baƙi, kafin hantsi titi ya zama kogi. Lado ya zagaya ƙofar baya karɓar shayi, ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya tura ƙofar. Dela na zaune a ƙasan kicin ta jingina da firiji, hannunta dafe da ƙirji, gumi ya jiƙe mata mayafi.

"Inna! Me ya faru?"

"Ƙirjina. Kamar an ɗora mini dutse."

Ya kira motar asibiti, aka ce duk sun fita, hanyoyi sun toshe, sai dai ya jira. Ya kira Othman.

"Yalla, maza ɗauki mota! Kai ta asibiti mafi kusa, ni zan biya komai."

Ya kwantar da ita a kujerar baya, ya ruga ɗakinsa. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa har idon sawu, jakar kuma a ƙasa take. Ya danna na'urar, ya girgiza ta, ya goge ta da rigarsa, ta ƙi kamawa. Ya duba wayarsa, taswira ta ƙi buɗewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ya shiga mota ya danna alamar asibiti a allon.

Da farko lafiya lau. Ya bi babban titi yana ratsa ruwa a hankali, yana jin numfashinta a bayansa. Muryar ta ce ya yi dama, ya yi. Ya yi tafiya mai ɗan nisa, sai ga tubalan siminti a jere sun datse hanya, bayansu wani ƙaton rami cike da ruwa. Muryar ta ce ya ci gaba kai tsaye.

"Mun iso?" in ji Dela.

"Saura kaɗan, Inna."

Ya juya. Allon ya zana masa wata hanya ta cikin unguwa, ya bi, don ba shi da wata. Layin gangare ne, bai gane ba sai da ruwa ya hau kan murfin inji. Motar ta yi tari ta mutu. Ya fito ruwa har ƙugunsa, yana ɗaga hannu yana ihu, Larabcin da ya koya duk ya gudu daga bakinsa. Wani magidanci mai a-kori-kura, Hamad, ya tsaya a saman gangaren. Su biyu suka ɗauko ta. Hamad ya koma da baya, ya hau wani sabon titi mai faɗi wanda Lado ya wuce bakinsa ɗazu, kuma babu shi a allon. Ba su yi wata tafiya ba sai ga asibitin. Likitan da ya duba ta bai daɗe ba ya fito, ya girgiza kai.

An binne ta washegari bayan La'asar. Othman ya dawo, ya tsaya a sahun gaba, ya yi hawaye na gaske, don ita ta raini 'ya'yansa. Bai zagi Lado ba. Abin da ya ce kawai, da suka je duba motar da aka janyo, shi ne direba mai hankali ba ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba. Injin ya lalace gaba ɗaya. Kafin wata ya ƙare ya mayar da kafalar Lado ga wani abokinsa mai sito a Khumra, can kudancin gari.

Kafin ya bar Abhur, 'yar Dela, Ihsan, ta zo kwashe kayan uwarta. A Jidda aka haife ta, tana jin Hausa amma bakinta ya fi sabawa da Larabci. Ta same shi yana ɗaure katifarsa.

"Kai ne... kana tare da ita. Ta yi magana? Ta ce wani abu a kaina?"

Lado ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Ya so ya ce eh.

"Ta yi Kalmar Shahada, na ji da kunnena. Kafin nan ta ce in duba, wai kamar ta bar gas a kunne."

Ihsan ta gyaɗa kai, ta ja niƙabinta ta goge ido, ta koma ciki.

A Khumra buhunan shinkafa yake saukewa daga tirela. Mai siton ya taɓa tambayarsa ko zai riƙa jan motar rabon kaya, tunda yana da lasisi, kuma kuɗin ya fi. Lado ya ce a bar shi a dako.