Idon Maiturare Ba Ya Sauka Ƙasa

A Sandamu an gama yanke wa Hajiya Maiturare hukunci tun kafin a tambaye ta komai: girman kai ne ya kama ta da tsufa. Mutum zai shigo ya durƙusa yana gaishe ta, ita kuwa ta ƙura wa bango ido ta saman kansa, kamar ba da ita ake ba. Mata suka ce tun da ta je Makka ta daina ganin na ƙasa da ita. Mutanenmu ba su da wuyar gano cutar da ba a jikinsu take ba.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne surukinta Maharazu, mijin 'yarta ɗaya tilo, Khairunnisa. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Tun daga zaure yake cire takalmi. Ya yi ta zuwa yana zubewa a gabanta, tana amsawa tana kallon katanga. Daga ƙarshe ya ɗauke ƙafa, kuma ƙafar matarsa da ta 'yarsu Siddiƙa suka bi tasa.

Ita Maiturare ba ta san laifinta ba. Abin da ta sani, wuyanta ya sage, tuwo na zube mata a zane, kuma in ta ɗora Alƙur'ani a cinya layukan sai su ɓace mata. Gidan ya yi shiru. Kewar jikarta ta dame ta ƙwarai, har takan dafa dankali ta ajiye ko za a zo, ya kwana ya lalace.

Karatun ne ya kai ta Daura. Ta ji a rediyo wasu masu bincike daga jami'a sun sauka a asibiti, suna neman dattawan da karatu ya fara gagara. Ta hau mota ita kaɗai, a zatonta tabarau za a ba ta.

Wata likita mai suna Murjanatu ta sa ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, gaban allon kwamfuta mai 'yar kyamara da ke bin motsin ƙwayar ido. Aka ce ta bi ɗigon da ke yawo. Ya yi dama, ta bi. Ya yi hagu, ta bi. Da ya gangara ƙasa sai ya ɓace, ta ce wa likitar na'urarsu ta lalace.

Murjanatu ta yi mata bayani a hankali. Idon lafiya lau yake. Wani wuri ne a ƙwaƙwalwa, mai ba ido umarnin duba ƙasa, ya fara gajiya. Ba a samo maganinsa ba tukuna, kuma zai ci gaba. Ta ce a ɗaga mata littafi daidai fuska, mai magana da ita kuma ya tsaya inda za ta gan shi.

Maiturare ba ta tambayi sauran kwana nawa ba. Ta ba da lambar 'yarta, ta roƙi likitar ta faɗa wa mijin 'yar da bakinta.

Ranar Juma'a sai ga su. Khairunnisa ta yi kuka, Siddiƙa ta haye gado ta kawo fuskarta dab da ta kakarta. Sannan Maharazu ya yi sallama ya shigo, ya zube a bakin ƙofa, ƙasa fiye da kullum saboda kunyar zargin da ya yi. Ya shiga neman gafara.

"Baban Siddiƙa," in ji ta, "tashi tsaye in gan ka. Na daɗe ban ga fuskarka ba."

Bai tashi ba. Khairunnisa ta ce masa ai likita ce ta ce a yi haka.

"Inna, ki yafe mini," ya ce. "Ba zan iya tsayawa a kanki ba."

Ta san ba zai iya ba, don irin wannan tarbiyyar ce ta sa ta ba shi 'yarta. Ta ce babu komai, Allah ya yi masa albarka. Ya ci gaba da tambayar jiki daga can ƙasa, tana amsa wa bango.