Takardar Mai Tuwo

Motar Goronyo ba ta gama tsayawa a tashar Wurno ba Sa'adu ya sauko, ya kakkaɓe ɓawon albasar da ya manne masa a jiki. Babbar rigar da ya sa ta aro ce, hular ma haka, tana matse masa goshi. Ya taɓa aljihun ƙirjinsa, ya ji takardar tana nan, sannan ya tare ɗan kabu-kabu ya ce a kai shi gidan Onarabul Iliyasu.

Shekararsa hamsin da uku. Talatin daga ciki ya yi su yana sayar da tuwo da miyar kuka a kasuwar Goronyo, bayan layin 'yan albasa. Ɗan daudu ne, kowa ya sani. Yana ɗaura zani a kan wando idan zai tuƙa tuwo, yana karya murya idan yana ciniki, masu dako da dillalan shanu suna yi masa ba'a suna kuma cinye abincinsa. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne maganar Bilyaminu, wani tela a Raba, wanda suke tare shekara goma sha tara, kowa a garinsu, suna haɗuwa ranar kasuwa.

Wata biyu da suka wuce aka fara maganar wani ƙudiri a rediyo. An ce za a kai shi majalisar jiha. Duk namijin da ya yi shigar mata ko maganar mata a bainar jama'a za a ɗaure shi, a rufe masa rumfa. Mai gidan haya da ma'aikacin asibiti kuma dole su kai sunan duk wanda suke zargi. Ƙudirin bai zama doka ba tukuna, amma mai gidan da Bilyaminu yake haya ya riga ya fitar masa da keken ɗinki ƙofar gida. Mutum biyu da Sa'adu ya sani sun daina zuwa karɓar maganinsu na wata-wata.

Wata lauya a Sakkwato, Barista Sa'adiya, ita ta rubuta masa takardar. Ta gaya masa ba za a sa sunan ƙungiya ba, domin doka ta hana irin wannan ƙungiyar, sai dai sunan mutum. Sa'adu ya zaga Raba da Giyawa da Maikujera, ya sami mutum tara da suka ce suna bayansa. Babu wanda ya yarda ya sa hannu. Sunansa kaɗai ke ƙasan takardar.

Ranar Asabar ce, ranar da Onarabul yake ganin jama'a. Ɗan majalisar jiha ne, kuma shi ne shugaban kwamitin da aka miƙa wa ƙudirin. Ƙofar gidan cike take da babura, zaure kuma cike da mutane: masu neman taki, masu neman injin ban ruwa, wata tsohuwa da hoton ɗanta a cikin leda. Sa'adu ya sami gefen benci ya zauna. Da ya ga ya haɗe gwiwoyinsa, sai ya buɗe su kamar yadda sauran mazan suka yi. Wanda ke kusa da shi ya gaishe shi, ya amsa da kai kawai.

Sai bayan azahar aka kira shi.

Onarabul Iliyasu yana zaune a doguwar kujera, ya cire hula, fanka tana kaɗa masa wuyan riga. Ya dubi Sa'adu na ɗan lokaci, sai fuskarsa ta canja. Aji ɗaya suka yi a firamare a nan Wurno, kafin mahaifin Sa'adu ya kore shi daga gida yana da shekara ashirin da biyu.

“Sa'adu? Sa'adun Malam Attahiru?”

“Ni ne, ranka shi daɗe.”

Onarabul ya dubi mutum biyun da ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce su ba su wuri. Sai da aka rufe ƙofa ya ce, “Rigar ga ba taka ba ce.”

“Aro na yi.”

“Mi ya kawo ka?”

Sa'adu ya zaro takardar, ya miƙa da hannu biyu. Onarabul bai karɓa ba. Ya nuna masa tebur, Sa'adu ya shimfiɗa ta, shi kuma ya sa tabarau ya sunkuya ya karanta daga inda yake, hannayensa a kan cinya. Ya karanta har ƙasa, ya koma ya sake karanta sakin layi na biyu.

“Wa ya rubuta maka?”

“Wadda ta iya.”

“Ku nawa ne?”

“Sunan da ka gani.”

Onarabul ya cire tabarau. “Sa'adu, ka san abin da kake roƙona? Zaɓe saura wata goma sha huɗu. In na buɗe baki a zauren majalisa na faɗi rabin abin da ke cikin takardar ga, kafin Juma'a sunana shina kan kowane mumbari daga nan har Isa.”

“Ban ce ka tashi ka ce abin da muke yi daidai na ba,” in ji Sa'adu. Ya ji muryarsa ta koma yadda take a kasuwa, ya bar ta haka. “Wannan tsakanina da Allah ne, kuma ba majalisa za ta raba mu ba. Na zo a kan mai gida da malamin asibiti. In anka ce su riƙa kai suna, wa zai ba mu ɗaki? Wa zai tahi karɓar magani? Akwai mutum biyu yanzu haka da sunka daina zuwa. Guda ya fara rama.”

“Ba ni na kawo ƙudirin ba.”

“Amma gabanka shike.”

A waje wani yana gardama da mai gadi a kan layi.

“Bari in gaya maka yadda abin shike,” in ji Onarabul. “In na ɗauki takardar ga, sai an buga mata hatimi, ta shiga fayil. Akawu shi tashi gaban mutum bakwai na kwamiti shi karanta, har da sunanka da garinku. Daga nan ba ni da iko da inda sunan zai tahi.”

“Don a karanta na sa shi.”

“To ni ba ni son a karanta.” Ya tura takardar da ɗan yatsa ɗaya har ta kai bakin tebur. “Abin da zan iya shi ne jan ƙafa. Kwamiti shina da aiki da yawa: ga maganar tsaro, ga kasafi. Masu gidajen haya ma sun fara ƙorafi, ba su son zama 'yan rahoto. Wataƙila wannan sashen shi faɗi da kanshi. Wataƙila zangon majalisa shi ƙare ba a kai gare shi ba. Ban yi maka alkawari ba.”

“In bai ƙare ba fa?”

“In anka kawo shi ƙuri'a, zan ɗaga hannu tare da kowa.” Ya faɗe shi a hankali, yana kallon Sa'adu a ido. “Kuma yau ba ka zo nan da takarda ba. Ka zo ka gaishe ni, ɗan ajinmu. Shi ya fi maka, shi ya fi mini.”

Sa'adu ya ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ya mayar aljihu. Onarabul ya tambaye shi ko har yanzu yana yin miyar nan mai daddawa da ake labari, ya ce yana yi. Suka yi sallama.

A bakin ƙofar fita wani mutum mai gemu ya tsayar da shi. Khalid ne, sakataren Onarabul, yana zaune da babban littafi a kan tebur.

“Baba, ba ka rubuta suna ba da ka shigo. Tun da anka fara satar mutane, kowa sai an rubuta.”

Sa'adu ya faɗi sunansa, da garinsu, da lambar waya. Khalid ya rubuta.

“Dalilin zuwa. Gaisuwa ko?” Ya riga ya fara rubutawa.

Sa'adu ya leƙa shafin. Gaisuwa. Gaisuwa. Neman taki. Gaisuwa. Ya tsaya har Khalid ya ɗago kai.

“Soke wannan.”

“Mi zan sa?”

“Ka sa, ƙudirin 'yan daudu. Na zo in ce ban yarda ba.”

Biron ya tsaya. Khalid ya dubi rigar, ya dubi hannayen Sa'adu da ƙunar murhu ta yi wa tabo, ya dubi mutanen da ke jira a baya. Ya rage murya.

“Baba, jami'an tsaro suna duba littafin ga duk mako.”

“Na ji.”

“Onarabul ya san za ka sa haka?”

“Dalilina ka tambaya, ba nashi ba.”

Khalid ya ja layi ɗaya a kan abin da ya rubuta. Gurbin ƙarami ne, kalmomin ba su shiga ba, sai da ya gangara da su gefen shafi. Ya juyo da littafin, Sa'adu ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, ya ajiye biro, ya nufi inda babura suke.

Shafin bai kai rabi ba. Khalid ya dube shi, ya lashi yatsa, ya juya shi kafin masu jira su gani, ya buɗe sabo.

“Na gaba,” ya ce.