Kyamarar Yaya a Kan Tafki

Tun a mota nake yi wa Yaya mita. Mutum da wayarsa a aljihu, amma sai ya kwaso tsohuwar kyamarar fim ta Baba, wai da ita zai ɗauki gonarmu kafin wanda ya saye ta ya shigo da motocinsa. Kuma a wannan sanyin, da ko kare ba ya fita!

Kamar yadda aka saba duk hunturu a wannan ƙasar waje da muke zaune, gonar ta yi fari fat da dusar ƙanƙara, sai guntayen kara da suka leƙo nan da can. Ita kuwa kyamarar ba ta jawo abu kusa, ba ta tura shi nesa. In kana son gona ta shiga duka, kai za ka ja da baya da ƙafarka. Haka Yaya ya yi ta ja, idonsa manne da ita, yana cewa, "Auta, tsaya nan jikin shinge. Fim ɗin ya kusa ƙarewa, kar ki ɓata min."

"Ka yi sauri dai, yatsuna sun mutu," na ce.

Sai na ji wata ƙara, ƙas, kamar an taka faranti. Na dubi ƙarƙashin ƙafafunsa. Filin da yake tsaye a kai ya cika santsi, babu kara ko ɗaya. Tafkin da Baba ke ban-ruwa da shi ne, ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe shi.

"Yaya, kar ka motsa! Kan tafki kake!"

Bai ma gama sauke kyamarar daga fuskarsa ba ƙanƙarar ta tsage. Ya nutse har wuya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ruga, na kwanta rubda ciki a bakin tafkin, na warware mayafin wuyana na cilla masa.

Hannunsa ɗaya na riƙe da gefen ƙanƙara. Ɗayan yana sama, ya ɗaga kyamarar kada ruwa ya taɓa fim ɗin.

"Saki wannan tsiyar ka kama!"

"Gonar... tana ciki," ya ce, haƙoransa na haɗuwa.

"Don girman Allah, Yaya! Me zan je in ce wa Umma?"

Ya kalli mayafin, ga shi nan dab da kafaɗarsa. Ya kalle ni. Na zaci ya ji maganata. Sai ya tattara ƙarfinsa, ya yunƙura, ya wurgo min kyamarar. Ta zame a kan ƙanƙara har ta bugi gwiwar hannuna.

Yunƙurin ne ya ɓalle gefen da yake riƙe da shi. Ruwa ya haɗiye shi.

Na yi ta cilla mayafin, ina janyowa, ina sake cillawa, ina kiran Yaya har muryata ta dushe. Ruwan ya lafa. Kyamarar na gefena, ko ɗigo bai taɓa ta ba.