Gaton Yamai na Malam Ɗalha

Duk wanda ke zama a rumfar shagon Malam Ɗalha bayan sallar Juma'a ya san gaton Yamai, wato kek ɗin babban birni. Da an sauko daga masallaci, an shimfiɗa tabarmi, an ɗora shayi, sai Ɗalha ya shige ƙuryar shago, bayan buhunan shinkafa, ya fito da farin kwali riƙe hannu bibbiyu kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya buɗe, ya yanka sirara-sirara, ya bi kowa da nasa. Sannan ya jingina, ya gyara zaman hula, ya ce, "Jiya ya iso. Ɗan'uwana Naziru ya sako mini a mota."

Ƙarya ce tsagwaronta. Gaton nan bai taɓa ganin Yamai ba, ko ƙofar garin Diffa bai taɓa fita ba. Iyakar tafiyarsa daga tsakar gidan Ɗalha ne zuwa kasuwa, a kwano rufe da tsumma, farin kwalin kuwa a shago yake kwana. Matarsa Hasna ke yin sa. Kowace safiyar Juma'a takan fasa ƙwai, ta narka man shanun da Fulanin Fulatari ke kawowa, ta kankare ɓawon lemun tsami, ta buga ƙullun da maburgi har kafaɗarta ta yi tsami. Ba ta da injin gashi. Tukunyar dalma ce, a zuba yashin kogi a gindinta, a ɗora bisa gawayi har yashin ya ɗau zafi, a zaunar da kwanon ƙullu a kai, a rufe, a zuba garwashi bisa marfi. Kwanon ya taɓa faɗuwa ya lotsa a gefe, don haka kowane gato da lotsarsa yake fitowa. Biyu take gasawa, ɗaya na gida, ɗaya na rumfa, 'ya'yanta mata uku kuma suna tsugune suna faɗa kan wadda za ta suɗe robar ƙullu.

A da ba haka Ɗalha yake ba. Shekarar da ya ɗauko Hasna daga Damagaram, shi da kansa yake zuwa bakin kogin Komadugu ya ciko mata buhu da yashi. Gatonta na farko ƙonewa ya yi ƙurmus, suka zauna su biyu suka ƙwaƙule tsakiyar da cokali ɗaya suna dariya. Amma shago ya buɗe, tumbi ya fito, sai mutumin ya fara jin cewa duk abin da aka yi a gida na talaka ne. Ranar da ya fara kai gaton rumfa, wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya ɗanɗana ya ce, "Kai, wannan kamar na Yamai." Maimakon ya ce aikin iyalina ne, sai bakinsa ya riga shi, ya ce, "Ai daga can yake." Shekara shida ke nan yana kiwon wannan ƙaryar. Gefen lotsar yake fara yankewa ya cinye, kada wani ya gani. Bakin kogi kuwa, tun da tsaro ya taɓarɓare, zuwa can ya zama sai mai gona da mai ƙarar kwana, bai sake takawa ba, kuma bai taɓa tambayar kansa daga ina sabon yashi ke shigowa gidansa ba.

A cikin mazauna rumfar, ba wanda Ɗalha ke so ya burge kamar Alhaji Zarami. Dattijo ne Babarbare, kaka da kakanni a bakin Komadugu suke noman tattasai, yanzu motoci yake lodawa zuwa kudu. Ba ya da yawan magana. Yakan tauna gaton a hankali, ya ce, "Malam Ɗalha, mutanen Yamai lafiya? Hanya ta yi kyau?" Ɗalha kuma ya buɗe baki ya yi ta zuba, har da sunan unguwar da ake gasawa da irin farar hular da mai gashin ke sawa.

Wata Juma'a cikin bazara, bayan an sayar da tattasan shekara, Alhaji Zarami ya ajiye kofin shayi ya ce, "Auren 'yata Aliya saura mako biyu. Yaran yanzu sun ce sai da gato mai hawa uku. Na ce a ina za a samu? Sai na tuna da mutanenka na Yamai."

"Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Ɗalha, yana dukan ƙirji a gaban mutum goma sha. "Ka ɗauka ya iso. Gudummawata ce."

Da la'asar ya koma gida ya tarar da Hasna tana tankaɗen fulawa. Bai ko zauna ba ya jero mata umarni: hawa uku, ranar Asabar ta sama, a yi a ɓoye, shi zai nemo babban kwali.

Hasna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kwalin da za a ce daga Yamai ya zo?"

Mai hankali da ya tambaya ta yaya ta sani, tun yaushe, wa ya gaya mata. Shi Ɗalha abin da ya fara zuwa masa shi ne ko maƙwabta na ji ta katanga.

"Malam, shekara shida ina jin hayaƙi a ido, Yamai na karɓar godiya. Ban ce komai ba, don rumfarka ce, abokanka ne. Amma wannan biki da ni za a yi shi. Ya Gumsu, uwar amarya, ƙawata ce. So kake in zauna cikin mata, a yanka abin da na gasa da hannuna, in taya su yabon wani ƙato mai farar hula?" Ta kakkaɓe rariya. "Zan yi. Hawa huɗu ma in kana so. Amma Juma'a mai zuwa ka ce musu, 'Iyalina ke yi.' Kalma uku ce."

"Ke ba ki san zaman maza ba," in ji shi. "In na faɗi haka, da wane ido zan dubi Alhaji?"

"To, ka aika Yamai."

Juma'a ta zo, ta gasa biyu kamar kullum, ta ba shi nasa. Ya kai rumfa, ya juye a kwali, ya fito. Kalma ukun nan suna bakinsa, ya ji su sarai. Alhaji Zarami ma kamar ya buɗe masa ƙofa, don ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Na wannan makon ya fi laushi. Hannun mai yin nan da albarka." Ɗalha ya dubi mutanen da ke kallonsa, ya ce, "Ai sun sayi sabon inji daga Faransa." Wallahi abin takaici, mutum da gemunsa.

Daga nan sai ya kira Naziru a Yamai, wanda rabonsu da gaisawa tun sallar bara. Naziru ya yi dariya har ya ƙware. "Gato? A mota? Da wannan zafin? Yaya, kwana biyu fa ake yi a hanya." Ɗalha ya ce shi dai a sako, mafi kyau, mai farin kirim da furanni.

Motar ta iso da hantsin ranar ɗaurin aure. Aka zaro kwalin daga ƙarƙashinta, tsakanin buhun albasa da tayar wani, gefe ɗaya ya jiƙe sharkaf. A shago ya buɗe, bayan ya turo ƙofa. Hawa ukun sun zama hawa ɗaya da rabi. Kirim ya narke ya kwanta a kusurwa, furannin sun koma jan ruwa, ga tsami na tashi kamar nonon da ya kwana uku. A wani shingen hanya ma an soka masa ƙarfe a tsakiya don a ga abin da ke ciki. Ɗalha ya ɗauki cokali yana ta shafe-shafe, gumi na ɗiga daga haɓarsa, abin sai ƙara zubewa yake. Tsoro ya kama shi sosai. Amma ko a lokacin bai yi tunanin komawa gida ya ba Hasna haƙuri ba. Wata ƙaryar ya shiga ƙerawa: mota ta faɗa rami bayan Gure, ga shaida a kwali.

Ya isa ƙofar gidan Alhaji Zarami an cika maƙil, rumfuna biyu, manoman tattasai daga ƙauyukan bakin kogi, 'yan kasuwa, da duk mazauna rumfarsa a jere a tabarma ɗaya. Ya durƙusa ya ajiye kwalin, ya fara, "Alhaji, wani abin baƙin ciki ya faru a hanya..."

Bai ƙarasa ba aka ce a ba da hanya. Mata biyu suka fito daga zaure da babban faranti, za su kai wa dattawa su sa albarka kafin a mayar cikin gida. Gato ne hawa uku, ruwan zuma, ba kirim ba fure, an jera dabino a kewaye, ƙamshin man shanu da lemun tsami ya riga shi isowa. Hawan sama yana da lotsa a gefe ɗaya. Ɗalha ya san lotsar nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa, shekara shida yana cinye ta.

"Wushe, Malam Ɗalha, sannu da ɗawainiya," in ji Alhaji Zarami. Ya sa sanda ya ɗaga marfin kwalin, ya leƙa, ya mayar. "To, yau dai mun ga na Yamai." Ya nuna farantin. "Wannan kuwa jiya aka gasa shi a cikin gidan nan. Gumsu ta roƙi iyalinka, ta zo da kwanoninta. Yashin ma na gonata ne. Duk wata uku Gumsu ke sa a ɗebo buhu guda a bakin ruwa, a ɗora bisa tattasai, a sauke a ƙofar gidanka. Tun kafin ka fara kawo mana kwali."

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, kuma wannan ya fi ciwo. Ɗalha ya dubi tabarmar abokansa, kowa ya sunkuyar da kai yana danne baki. Ashe duk sun sani. Matansu sun sani, su ma sun sani, duk tambayar hanya da farar hula nishaɗin Juma'a ne kawai, shi ne abin kallon.

"Mun yi ta jira ka faɗa da bakinka," in ji dattijon, a hankali, ba da fushi ba. "Ni da a gidana ake wannan, da mai shela zan ɗauka."

Juma'ar da ta biyo, ƙamshi ne ya tashe shi daga barcin hantsi. Ya fito tsakar gida ya ga tukunya bisa gawayi, 'yan matan sun kewaye uwarsu, ta soka tsinken tsintsiya ta zaro shi a bushe. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce a ransa ai mata ba sa riƙo. Ta juye gaton a faranti, ta yanka huɗu manya-manya, ta ba kowace yarinya, ta ɗauki na lotsar ta kai baki. Ɗalha ya tsaya da hula a hannu yana jiran na biyu. Ya leƙa tukunya, ba komai sai yashi.

"Hasna, nawa fa?"

Ta gama taunawa, ta share yatsu a zane, ta ce, "Naka? Ai motar Yamai ba ta iso ba, Malam."