Ruwansa Kawai Na Ce

Shekara uku ina rainon fure ɗaya, kuma duk girmansa bai kai farcen ɗan yatsana ba. A wani kurmi na same shi, bakin rafi, manne a jikin reshen da iska ta karyo. Dangin okid ne, irin tsiron nan da ke zama a kan bishiya ya saki saiwoyinsa suna lilo a iska. Maigidana har yau "kaucin Dakta" yake ce masa, duk da na gaya masa ya fi sau ɗari cewa kauci tsotsar bishiya yake yi, wannan kuwa aron wurin zama kawai ya yi. Sai ya ce to, kauci ne mai kunya.

Na bi duk littattafan da ke cibiyarmu ta binciken tsirrai, na bi busassun samfuran da aka manna a takarda tun kafin a haife ni, ban ga irinsa ba. Sabo ne fil, babu wanda ya taɓa rubuta shi. A sana'armu kuwa ganin abu ba ya sa ya zama naka. Sai ka bayyana shi daga saiwa har fure, tsawon ganye, faɗin leɓe, komai da awonsa, wata mujalla ta buga, sannan sunan da ka ba shi ya zauna. Wanda ya riga bugawa shi ne da suna, ko da kai ka fara gani da shekara goma.

Na rubuta shafi tara na aika. Editan mujallar ya dawo min da su da tambaya ɗaya tak. A wajen launin leɓen furen na rubuta "ja-ja", shi kuma ya ja layi a ƙarƙashi ya ce ja-ja ba launi ba ne. Akwai wani ɗan uwan tsiron da aka daɗe da sani, kuma launin leɓen na cikin abin da zai raba su. Yana so in ɗora katin launi kusa da ɗanyen fure in ba shi lamba. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ya kuma ƙara da cewa ya ji wasu masana daga ƙetare sun shiga kurmin nan bara. Na gane karatun.

Haushin da na ji, rabinsa na kaina ne. Bara da furen ya buɗe, ɗoki ya sa na tsinke shi na jefa a kwalbar sifirit don in auna shi a nutse. Sifirit yana riƙe siffa amma yana cinye launi. Kafin in dawo daga cin abinci ya koma fari sol kamar an wanke shi da bilic. Tsiron nan kuma sau ɗaya yake fure a shekara, fure ɗaya, ya buɗe da hantsi ya yi yaushi kafin azahar.

Bana ya fitar da toho, na ƙiyasta zai buɗe ranar Talata ko Laraba. Sai ga Darakta ya kira ni ranar Alhamis ya ce zan wakilci cibiya a wani taron bita na kwana biyu, Juma'a da Asabar, a garin da ke da tafiyar awa huɗu daga nan.

"Yallaɓai, ina da toho a rumfa," na ce.

"Ke kika ce sai Talata. Toho ai ba jariri ba ne da za a ce sai an zauna da shi."

"Bitar ta mece ce?"

Ya duba takardar. "Yadda ma'aikaci zai yi amfani da lokacinsa."

Na tafi, don ba a jayayya da mai sa hannu. Na bar tsiron a hannun Baba, dattijon da ke kula da rumfar rainon tsirrai. Baba ya girmi kowa a cibiyar, har da ginin. Shi ke ba tsirona ruwa, kuma ni na hore shi a kai da masifa. Okid ba ya son saiwarsa ta zauna a jiƙe, ba ya kuma son ta bushe ƙayau. Na saya masa littafi da biro na ce duk feshin ruwan da ya yi ya rubuta, da lokacin da adadin. Kullum na shiga rumfar kafin in gama amsa gaisuwa sai in ce, "Baba, ruwa fa?"

Ranar Asabar da ƙarfe tara saura, wani mutum mai jan nakatayi a wuya yana zana mana akwati huɗu a allo, na abu mai muhimmanci da na abu mai gaggawa, sai wayata ta yi ƙugi a jaka. Baba ne. Na fita baranda da gudu.

"Dakta, abin naki ya buɗe baki."

Na dafa bango. "Baba, yau Asabar!"

"To, shi dai bai san Asabar ba."

Na yi lissafi a tsaye. Ko yanzu na samu mota, ba zan isa ba sai bayan azahar. Katunan launina suna kulle a durowar ofis, makullin yana jakata. Wayar Baba irin ƙaramar nan ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Cibiyar kuma babu kowa ranar Asabar sai shi da mai gadi. Layin yana ta yankewa, don haka na ce bari in taƙaita, in kuma yi masa Hausar da zai gane ba tare da kalmomin boko ba.

"Baba, kada ka taɓa furen. Abu ɗaya nake so. Ruwansa. Ka zauna kusa da shi ka duba ruwansa da kyau, duk bayan awa ɗaya ka rubuta min. Ka ji? Ruwansa!"

"Na ji, Dakta. Ki kwantar da hankalinki, wannan ai aikina ne."

Na kira maigida na ce ya bar duk abin da yake yi ya je rumfa ya ɗauko min hoto. Ya je, Allah ya saka masa. Ina cikin mota hotuna goma sha biyu suka shigo, duk na wani ƙaton okid mai ruwan hoda da matar Darakta ta sayo a kasuwar furanni ta kawo mana ajiya. Nawa yana can gefen hoto na bakwai, wani ɗan duhu kamar ƙuda. Na sake kiran maigida, ya ce ya riga ya kama hanyar kasuwa, kuma ai ya ɗauki wanda ya fi kyau ne. Baba ya nuna masa ƙaramin, amma ya ɗauka wasa tsohon yake yi.

Na kashe wayar. Ina da Baba da littafinsa.

Ƙarfe biyu da rabi na shiga rumfar da jakata a kafaɗa. Furen ya riga ya langaɓe, ya dunƙule ya koma ruwan ƙasa. Baba yana zaune a kan kifaffen bokiti a gabansa. Ya miƙe yana murmushi, ya miƙo min littafin da hannu biyu. Rubutunsa tsaf, layi bayan layi.

Ƙarfe 9. Saiwa da danshi. Ban fesa ba.
Ƙarfe 10. Ta fara shan iska. Feshi biyu, a saiwa kawai.
Ƙarfe 11. Ruwa lafiya.
Ƙarfe 12. Feshi ɗaya. Ruwa lafiya.
Ƙarfe 1. Ruwa lafiya. Fure ya rufe.

Na karanta sau biyu. Na juya shafin ko akwai wani abu a baya, babu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ruwansa, kamar yadda kika ce. Ko ɗigo bai taɓa furen ba."

"Ruwansa! Launinsa nake nufi! Kalarsa! Idan an ce atamfa ruwan goro ce, jiƙa ta aka yi?"

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya dubi littafin, ya dubi furen. "Da kin ce kala."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni, don gaskiya ce. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce shekara uku ta tafi a banza, na ce ko ɗan firamare zai gane abin da nake nufi, na ce an bar mutane a wurin aiki don tausayi kawai. Wannan ta ƙarshen har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Baba ya ɗauki bokitinsa ya koma can ƙarshen rumfar wajen gwazayen ado, ni kuma na fice na bugo ƙofar ragar.

Ranar Lahadi ban yi wa kowa magana a gida ba. Maigida ya yi ta zagaya ni kamar ana zagaya murhu. Laifi tudu ne, na sani. Mutumin da ka shekara uku kana ce masa ruwa kana nufin na famfo, ranar da ka ce masa ruwa me kake so ya ji? Amma sanin hakan bai rage min komai ba, sai ma ƙara min da ya yi.

Ranar Litinin na shiga wurin Darakta na gaya masa abin da ya faru. Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya rage murya.

"Ke ba kin gan shi bara ba? Buɗe katunan ki zaɓi wata lamba a cikin jajayen. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yallaɓai. Kuma duk ranar da wani ya ga furen, shi ma zai sani."

"To ki jira baɗi."

"Kafin baɗi wasu sun raɗa masa suna."

Ya ɗaga kafaɗa, ya tambaye ni ko na kawo takardar shaidar halartar bita.

Na koma ofis na buɗe kwamfuta. A ka'idar aikinmu akwai abin da ake rubutawa idan wani sashe na tsiro bai zo hannu ba. Na goge "ja-ja" na rubuta shi a wurin. Na san edita ba zai karɓa ba, amma aƙalla ba ƙarya a ciki. Ina zaune ina kallon layin nan, kamar in fasa ihu, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baba ne, ya kawo littafin feshi in sa hannu kamar kowace Litinin. Bai zauna ba, bai kuma kalle ni ba. Na sa hannu na tura masa. Har ya juya, sai ya tsaya.

"An rasa takardar ke nan, Dakta?"

"Kusan haka."

"Me kika gaya musu?"

Na nuna masa allon, duk da yaren mujallar ba nasa ba ne. "A nan wajen launi. Na rubuta, ba a gani ba."

Ya juyo. Sannan ya ajiye littafin a kan teburina, a hankali.

"Ba a gani ba?"

"Haka ake rubutawa, Baba."

"Awa huɗu da wani abu ina zaune a gabansa a kan bokiti. Ko fitsari ban tashi ba, don kin ce in zauna kusa da shi. Ni ba mutum ba ne?"

Tun ranar Asabar nake zagin littafi, nake zagin waya da maigida da mai jan nakatayi, kuma ko sau ɗaya bai zo min a rai in tambayi mutumin nan abin da idonsa ya gani ba. Abin da ba a rubuta ba, a kaina, bai faru ba.

Na tashi na jawo masa kujera. Na buɗe durowa na ciro katunan launi, na baza su a tebur kamar mafici. Ya ciro tabaraunsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya ce a buɗe taga, hasken fitilar nan ƙarya yake yi. Ya bi jajayen ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Ya wuce su gaba ɗaya, ya shiga cikin farare, ya ɗora yatsa a kan wani mai ruwan madara.

"Wannan ne da ya buɗe."

"Baba, ja-ja na gani bara."

"Ƙarfe nawa kika gan shi?"

Na yi tunani. "Wajen sha ɗaya."

"To. Da safe wannan ne, da ɗan ratsin hoda a tsakiya kamar zare uku. Wajen goma ratsin ya fara yaɗuwa. Sha ɗaya ya zama naki. Kafin ya rufe kuma ya koma ruwan hanta. Kawo na can in gani."

Kati huɗu ya ware, ya jera su bi da bi. Na riƙa sauya musu wuri ina cusa su cikin wasu don in gwada shi, yana sake zaro su ba tare da ya duba lamba ba. A karo na uku ya ce, "Dakta, in jarrabawa ce ki gaya min in yi shiri." Ɗan uwan tsiron da edita ke magana a kai, babu wanda ya taɓa rubuta cewa yana sauya launi. Ni kaina da na zauna ranar Asabar, da wataƙila na ɗora kati sau ɗaya, na ɗauki lamba, na jefa furen a sifirit.

Ban san ko edita zai karɓi shaidar idon da ba nawa ba. Zai iya cewa in jira baɗi, kuma idan ya faɗi haka ba ni da bakin musu. Amma na goge layin nan, na rubuta lambobi huɗu da lokutansu. A ƙarƙashi dole a faɗi wanda ya lura da abin. Na ɗora yatsuna a kan madannai, sai na tsaya.

"Baba," na ce, "cikakken sunanka fa?"

Ya cire tabarau ya naɗe zaren a jikinsa, yana kallona.

"Shekara uku," ya ce. Sannan ya faɗa min, harafi bayan harafi, ya kuma sa na karanta masa don kada in sake cewa wani abu ina nufin wani.